Yadda Na Raba Inna Da Aminiyarta Kan Yaƙin Wata Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin ƙanwata Rabi ba, ko na so in manta matan Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa, ba za su bar ni ba. Har yau akwai tsohuwar da in na wuce ta layinmu sai ta tambaye ni ko shaddar nan ta wanku.

Ni mai gyaran waya ne a kusa da shatale-talen Mokola, kuma ciwona guda ɗaya ne, wato ra'ayi. Babu abin da zai faru a duniya, daga zaɓen wata ƙasa har tsadar man fetur, da zan rasa abin cewa a kai. Da manyan shafukan sada zumunta suka ishe ni da goge mini rubutu (wani lokacin da gaskiyarsu, amma kar ku gaya wa kowa na faɗa), sai na koma irin dandalin nan da ba shi da maigida ɗaya. Kowa yana iya buɗe nasa zaure, ya kafa dokokinsa, ya zama shi ne alƙali. Zaurukan kuma suna jin juna, ɗan wannan yana hira da ɗan wancan, sai fa in mai zaure ya ga dama ya rufe ƙofar da ke tsakani. Na buɗe wa 'yan Sabo namu. Abokina Kunle, Bayaraben da muka yi firamare tare, ya buɗe wa 'yan Mokola nasu.

Ni da Kunle gadon abotar muka yi. Innata da mahaifiyarsa, Iya Kunle, sun yi shekara da shekaru a rumfa ɗaya a Kasuwar Bodija, Inna da albasa da busasshen barkono, Iya da garin rogo. Rabin goyona a bayan Iya aka yi shi. Da ciwon gwiwa ya zaunar da su a gida, Iya ta koma wurin 'yarta can ƙarshen gari, sai muka sa kowacce a zauren ɗanta. Inna ba ta yi boko ba, don haka hoton Iya na nuna mata, na ce ta danna nan, ta yi magana, ta saki. Kullum bayan asuba sai in jiyo ta tana ba da rahoto da Yarbanci: yadda gwiwa ta kwana, wanda ya rasu, wadda ta haihu. Can sai muryar Iya ta dawo da Hausarta ta kasuwa, su yi ta dariya.

Ana nan sai yaƙi ya ɓarke tsakanin wasu ƙasashe biyu da ni da Kunle ba mu taɓa ganin ko filin jirginsu ba. Wani ɗan zaurensa ya rubuta magana mai zafi kan ɓangaren da nake goyon baya. Na ce Kunle ya goge. Ya ce a zaurensa kowa yana da bakin magana muddin bai zagi iyayen wani ba. Na ce wannan sakaci ne, ya ce ni kuma mulkin soja nake yi. Raina ya ɓaci, na rufe ƙofar da ke tsakanin zaurukan biyu gaba ɗaya. Na rubuta doguwar sanarwa kan kare mutuncin al'umma, samari suka yi ta yaba mini. Na riƙa tafiya a Sabo kamar shugaban ƙasar da ya kori jakada.

A daidai lokacin ne aka sa ranar bikin Rabi. Inna ta yanka wa Iya ankonta tun kafin ta yanka nata, ta naɗe ta ajiye a ƙarƙashin matashi. Sai na lura hirar asuba ta ɗauke, Inna kuma ta rage cin abinci. Wata safiya ta ce da ni (ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana), "Kai wannan, na gayyaci Iyarku da bakina, na sake, na kuma, ko uffan ba ta ce ba."

Na ce ta buga mata waya mana.

"In bi ta da roƙo? Wadda muka ci a kwano ɗaya? In ta gaji da ni, Allah ya ba mu haƙuri."

Ku ji abin da gwanin siyasar duniya ya ce wa mahaifiyarsa: "Haka mutane suke, Inna, sai haƙuri." Wallahi ko kusa ban haɗa abin da ƙofar da na rufe ba. Kaina yana can bakin daga.

Ranar wuni ina zaune a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, cikin farar shadda da babbar riga, ina yi wa abokan ango lacca kan yadda zaure mai cin gashin kansa ya fi kowane tsari adalci. Sai ga keke napep ya tsaya. Kunle ya fito, bai ko dube ni ba, ya riƙo hannun Iya tana dogara sanda suka shige ciki. Ba a jima ba aka aiko in zo.

Tsakar gida cike da mata, tukwane a kan wuta. Inna da Iya suna tsaye suna fuskantar juna, kowacce da waya a hannu.

"Hajiya," in ji Iya, "a bakin masu albasa zan ji za ki aurar da Rabi? Rabin da na yi wa wankan farko? Me na yi miki?"

"Ni zan tambaye ki. Na gayyace ki har na gaji."

"Ni ma kullum sai na gaishe ki, ke ce kika yi shiru."

Kunle ya karɓi wayoyin biyu ya duba, ya ɗago ya kalle ni. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Mama, ba laifin kowa a cikinku. Oga ne ya rufe hanya, saboda yaƙi."

"Wane yaƙi?" in ji Inna. "Yaƙi ake yi a Mokola?"

Haka na tsaya a gaban matan Sabo ina ƙoƙarin bayanin ƙasashen da Inna ba ta taɓa jin sunansu ba. Na kai tsakiya na ji muryata da kunnena. Kunya ta rufe ni har ƙafa. Abin da ya rage mini shi ne abin da Iya ta koya mana muna yara, na kwanta rub da ciki a gabanta yadda 'ya'yan Yarbawa suke yi wa iyaye. Ban duba ƙasa ba. Ashe daidai inda aka zubar da ruwan wankin tukunyar miya ne, da manja da komai.

Dariyar da aka yi ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Tsofaffin nan biyu suka zauna a tabarma ɗaya, kowacce ta kunna wa 'yar'uwarta saƙonnin da ba su isa ba. Muka ji Inna tana gayyata da murna, sannan da sanyin murya, daga baya sallama kawai take yi ta kashe. Muka ji Iya tana cewa, "Hajiya, in na ɓata miki ne ki yafe mini, mun tsufa." Ina kwance a cikin manja hawaye suka zubo mini. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ankon nan ta ɗaura wa Iya da hannunta.

Iya ta taɓa ni da sandarta ta ce, "Tashi, ɗana. Je ka buɗe mana hanyarmu, sannan ka canza riga."

Har yanzu ina kan ra'ayina cewa gara kowane zaure ya riƙe kansa da a ce wani kamfani can ƙetare ne zai yanke mana hukunci. Sai dai na gane ashe ni ma da aka ba ni mabuɗi abin da na yi ke nan, na hukunta mutanen da ban ko tuna suna wurin ba. Yanzu ni da Kunle mun yi doka, babu wanda zai rufe ƙofa sai da izinin Inna da Iya. Sau da yawa na kai musu ƙarar wani, amsar ba ta canzawa: a bar shi ya yi ta surutunsa, zai gaji.

Ƙasashen nan biyu kuwa har yau ba wanda ya nemi shawarata a cikinsu. Shaddar ma ba ta wanku ba, Inna ta yanka ta tana goge waya da ita kafin hirar asuba.