Yadda Na Kushe Zanen 'Yar Farina a Doha

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin da aka baje kolin zanen yarinyar nan a Doha. Na ce "yarinyar nan" ne don 'yar farina ce, kuma mu a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa gaban mutane. Shekararta talatin da shida a lokacin, sunanta bai taɓa fita daga bakina ba.

Sana'arta zane. Shekara biyar suka yi da mijinta a wata ƙasar sanyi yana karatun injiniya, ta dawo da dusar ƙanƙara a ranta. Ga mu a unguwar Bin Mahmud, rana tana dafa kwalta a waje, ita kuwa tana ɗaki da buroshi tana zana itatuwa tsirara ba ganye ko ɗaya, da tafkin da ya daskare, da fili fari fat. Ni riƙon jikoki ya kai ni. (Ban yi boko ba, amma ina da ido, babu abin da ke wucewa a gidan nan ban gani ba.)

Aka haɗa ta da wasu masu zane a wani zaure. Aka ce mai wurin, wata Balarabiya, a ranar za ta zaɓi mutum ɗaya ta ba shi zauren shi kaɗai baɗi. Yarinyar nan ta yi kwana uku ba ta cin abincin kirki. Duk ina gani.

Na yafa mayafina na zuwa biki, na sami kujera kusa da babban zanenta na zauna. Mai gadin wurin, Malam Isuhu, mutumin Gusau ne. Muka gaisa, ban ce masa ni wace ce ba, shi ma bai tambaya ba. Can sai ga wata dattijuwa cikin baƙar abaya. Ta daɗe tsaye gaban zanen, sannan ta juyo ta yi mini magana da Larabci.

"Hajiya, cewa take yaya kika ga hoton?" in ji Malam Isuhu.

To me zan ce? In buɗe baki in yabi abin da na haifa gaban baƙuwa? Na kawar da kai.

"Ai shirmen yara ne kawai. Rabin allon ma fari ne, ko fentin ne ya ƙare mata, oho."

A garinmu duk matar da ta ji haka ta san uwa ce ke magana, sai ta ce "Haba Hajiya!" ta ɗora yabon da kanta. Shi na zauna jira. Malam Isuhu kuwa, bawan Allah, ya kwashe maganata tas ya juye mata da Larabci, har da watsa hannun da na yi. Matar ta tambaya ko na san mai zanen.

"Ina dai ganinta," na ce. "Ba ta da aiki sai ɓata tufafi."

Wannan ma ya fassara. Matar ta ce "khalas", wato shi ke nan, ta gyara jakarta za ta yi gaba. Daidai nan yarinyar ta iso da sauri, ta gaishe ta, ta nuna ni tana murmushi. Malam Isuhu ya dafe kai.

"Hajiya! Ke ce mahaifiyarta? Ai wannan baiwar Allah ita ce mai wurin!"

"Inna, me kika ce mata?" Ba da faɗa ta tambaya ba, a hankali.

Na miƙe. Na ce Malam Isuhu, fassara mata, kada ka rage ko kalma. "Farin nan ba iri ɗaya ba ne. Wata uku Hadiza tana kansa. Nan gindin itacen da shuɗi-shuɗi a ciki, don inuwa ce. Can sama da ɗan ja, kamar hantsi. Gefen nan sau huɗu ta kankare ta sake, ina kallo. Hadiza ba ta barin aiki rabi, tun tana ƙarama!"

Sai da na yi shiru na lura zauren ya yi tsit. Sunan ya fita sau biyu, da ƙarfi, gaban baƙi, gaban surukina (ya sunkuya yana kallon takalminsa, kafaɗarsa na girgiza don dariya). Balarabiyar ta yi dariya, ta sumbaci goshina, ta wuce. Na koma kujera na ja mayafi har hanci.

Zauren dai wani Basudane aka ba. Yarinyar ta ce ba ni ce sila ba, ni kuwa har yau ban gamsu ba. A mota, da muka kusa gida, ta ce, "Inna, ashe kin san sunana."

"Dubi gabanki," na ce.

Abin da na koya bai da yawa. Kunya irin tamu sai a gaban wanda ya san ta, in ta bi ta bakin tafinta zagi take komawa. Yanzu duk Balaraben da ya tambaye ni wani abu game da 'ya'yana, sai in ce "Masha Allah", in kama bakina.