Kunnen Surukina

Zamfara tana sabuwar jiha likita a Gusau ya rubuta wa surukina, mutumin Bungudu, maganin ɗigawa mai kashe ƙwayoyin cuta, saboda kunnensa na ruwa. Na karɓe kwalbar, wai mutanen Bungudu za su ɓata aikin, ni ma'aikacin gwamnati zan riƙa zuwa ina ɗiga masa.

Kullum sai in durƙusa, ido a ƙasa don kunya, in ɗiga a kunnen da ke kusa da ni. Shi ma kara ta hana shi magana.

Magani ya kusa ƙarewa surukata ta leƙo. "Malam, ba na hagu ke ciwo ba?"

Ya ce, "Ƙyale shi, na daman ma ya gode."

Har yau in ƙannen matata suka hango ni sai su toshe kunnuwa, wai likitan masu lafiya ya iso.