Kifin Da Na Gani Da Ƙeya

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya na manta da su, amma ranar da aka kunna wani kaset a ofishin Lawban, ita kam ba zan taɓa mantawa ba. Har yau idan ta faɗo mini ina cikin sallah, sai na rasa raka'a nawa na yi.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina Guangzhou ta ƙasar Sin, lokacin Hausawan garin duk mun san juna. Maigidana Alhaji Bala babban ɗan kasuwar takalma ne a Ƙofar Wambai. Ya gaji da hawan jirgi, yana son ya ajiye wakili a can, wanda zai shiga masana'anta ya buɗe kwali ya duba kaya da idonsa, sannan ya aiko masa da bayani. Ni ya ɗauka gwaji, aka bar ni wata uku a ga kamun ludayina. Wannan wakilci nake nema ido rufe, don da shi ne zan tashi daga mai riƙe wa Alhaji jaka in koma mutum mai ofis.

Ana haka sai hutun sabuwar shekarar mutanen Sin ya zo. Wanda bai taɓa ganinsa ba ba zai gane ba. Kasuwar takalma ta Zhanxi Lu da kullum ba a samun wurin sa ƙafa ta koma fayau, duk shagon da ka ƙwanƙwasa sai a ce maka "meyo", wato babu. Mai masana'antar da muke sayen takalma a wurinsa, wanda muke kira Lawban (ma'anarsa maigida, ainihin sunansa kuwa harshena bai taɓa iya ɗauka ba), ya ga ina zaman kaɗaici, sai ya ce in bi shi da iyalinsa hutu wani tsibiri can kudu. Ya ce a irin wannan lokacin wasu manya-manyan kifaye masu doro suna barin ruwan sanyi su gangaro ruwan ɗumi su haihu, ana fita da jirgin ruwa a kalle su.

Isuhu ne ya fassara mini gayyatar, wani ɗan Maraɗi da ke karatun likita, shi ke mana tafinta. Ya ƙara da cewa ba ma kifi ba ne, dabba ce mai shayar da 'ya'yanta kamar saniya. Na ce ya riƙe bokonsa, ni dai na san irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa ne. Shi ba zai je ba saboda yana da karatu a gabansa, amma ya ba ni shawara kada in cika ciki kafin in hau ruwa, har ya miƙo mini wata 'yar ƙwaya ta hana jiri. Na mayar masa da abarsa. Na ce ni da na ƙetare kogin Wudil a kwalekwale tun ina ɗan firamare, wace teku za a tsorata ni da ita? Ya mayar da ƙwayar aljihu.

Tsibirin dai ba laifi. Itatuwan kwakwa, farin yashi, ga rana irin ta gida. Da safen da za mu fita na tashi na ɗauko shuɗiyar shaddata, babbar riga da ta sha sitaci, na kafa hula zanna (tunanina duk yana kan hoton da za a kai Kano). Sannan na zauna na yi wa kilishin da na zo da shi kaca-kaca, na bi da dafaffen ƙwai da shayi mai kauri. Kowa ya fito da gajeren wando da silifa, ni kaɗai na fito kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Jirgin ɗan ƙarami ne. Da farko ina tsaye a gaba iska tana kaɗa rigata, ina jin kaina. Da muka bar gaɓa ruwa ya fara ɗaga mu yana saukewa, sai na ji kilishin nan da ƙwan sun fara shawara a tsakaninsu. Na zauna. Na kwanta. Mai jirgin ya dube ni sau ɗaya, ya turo mini wani bokiti da ƙafa, da alama ya saba ganin irina.

To jama'a, abin da na gani a tekun nan ke nan: gindin bokiti. Ja ne, yana da 'yar tsaga a gefe. Na fi awa biyu ina nazarinsa. Can na ji mutane sun kaure da ihu, wani abu ya faɗa ruwa da ƙara kamar an rushe katanga, ruwa ya fallatso mini a baya. Na so in ɗago, cikina ya ce bai yarda ba. Da na yunƙura in leƙa ta gefen jirgi ma ba don kifi ba ne, don bokitin ya gaza ne, kuma a nan hulata ta yi sallama da ni.

Wallahi da na dawo Guangzhou niyyata in faɗi gaskiya. Amma ranar Juma'a da aka sallame a Masallacin Huaisheng, 'yan'uwa suka kewaye ni a bakin titi, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, da gaske ka ga kifin Annabi Yunusa?" Yadda idanun nan suka zubo mini, sai kawai na ji bakina ya ce na gani mana. Dama na sayi wani kati mai hotonsa a tsibirin, don haka na san yana da dogayen fukafukai da ƙuraje a baki. Sauran kuma na cike da kaina.

Labari ya riƙa girma duk Juma'a. Makon farko tsawonsa tirela ɗaya, mako na uku ya kai biyu. Na ce mun haɗa ido da shi. Na ce duk mutanen jirgin sun kwanta don tsoro, ni kaɗai na tsaya a gaba ina karanta addu'ar Annabi Yunusa har ya sunkuyar da kai ya wuce. Hular ma na samo mata mutuwar mutunci, na ce numfashinsa ne ya fizge ta. Na sha shayin kyauta da labarin nan ba kaɗan ba. Hankalina kwance, don babu Bahaushe ko ɗaya a jirgin, Lawban kuwa ba ya jin ko sannu.

Da aka buɗe kasuwanni Alhaji ya iso. Ashe labarin ya riga shi zuwa Kano ya dawo. A cikin tasi ya sa na maimaita masa, na kuwa zage na ba shi har da na ƙari. Ya gyaɗa kai ya ce irin mutumin da yake nema ke nan, mai tsayayyar zuciya. Ya gaya mini yau zai gabatar da ni ga Lawban a matsayin wakilinsa, takardar ma tana cikin aljihunsa. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa hannuna.

Muka isa ofis da hantsi, aka zuba mana shayi a 'yan ƙananan kofunan nan nasu. Kafin a shiga maganar kaya, Alhaji ya ce wa Isuhu ya yi wa Lawban godiyar kai ni yawo, ya kuma tambaye shi yadda ya ga jarumtata. Isuhu ya fassara. Fuskar Lawban ta washe, ya tafa hannu, ya miƙe ya buɗe wata durowa ya ciro kaset ɗin bidiyo. Ashe matarsa ta ɗauki tafiyar tun daga farko har ƙarshe. Ni ina zan sani? Wanda kansa ke cikin bokiti ba ya ganin mai kyamara.

Aka kunna. Ga teku shuɗiya shar. Sai ruwa ya tsage, wata irin halitta baƙa mai farin ciki ta taso sama gaba ɗayanta, ta buɗe fukafukai, ta juya a hankali ta faɗa da baya. Ga ɗanta a gefe yana bin ta. Ban taɓa ganin abu mai kwarjini irin wannan ba, tsigar jikina ta tashi, na manta da inda nake. Sai ji na yi na ce da ƙarfi:

"Subhanallahi, ashe haka yake!"

Alhaji ya juyo a hankali ya dube ni. Bai kai ga magana ba kyamara ta karkato cikin jirgi. Ga shuɗiyar shadda a durƙushe, baya a sama, kai a bokiti. Ga mahaifiyar Lawban, 'yar ƙaramar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba, tana tsaye daram, hannu ɗaya tana bubbuga mini baya, ɗayan tana nuna kifi. Kyamarar kuma tana ɗaukar sauti, wannan shi ya fi ci mini rai. Can aka nuno hulata tana tafiya a kan ruwa ita kaɗai.

Lawban ya mayar da wurin baya har sau uku yana share hawayen dariya. Isuhu kuwa, don mugunta, ranar ya zama tafinta mai amana, ko kalma ɗaya bai rage ba. Ya ce Lawban ya ce mai jirgin ya so ya bar mini bokitin kyauta, don ya ga mun shaƙu. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Kunya ta sa har kofin shayin na ɗaga na kai baki, alhali babu komai a ciki.

Alhaji bai yi dariya ba sai da muka fito. Ya tsaya a bakin titi ya yi ta har yana riƙe ƙarfen fitila. Da ya gama ya gyara hularsa ya ce:

"Kai yanzu dabba kamar wannan ka kwatanta mini ita tiryan-tiryan ba ka gan ta ba. To ranar da ka ce mini ka buɗe kwali ɗari ka duba, in yarda da wa?"

Takardar ba ta fito daga aljihunsa ba. Wani ya ba wakilcin, ni kuma na ci gaba da riƙon jaka har shekara biyu. Kaset ɗin kuwa sai da ya sa aka kwafa masa, ya tafi da shi Kano, aka riƙa kunna wa baƙi a falonsa bayan an ci abinci. Mutanen da ban taɓa gani ba sai su tare ni a Wambai su ce, "Sarkin Ruwa, ya teku?"

Tun daga nan, abin da ban gani ba sai in ce ban gani ba, ko da za a raina ni. Ba wai na zama waliyyi ba ne. Na dai gane cewa duk inda mutum ya sunkuya, akwai wata baiwar Allah a tsaye a bayansa tana ɗauka.