Ungozomar da Na Ce Babu Ita

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma mutanen garinmu ba za su bar ni in manta ba, da ranar da na tsaya gaban dagaci da manyan gari na rantse cewa wata baiwar Allah ba a taɓa haihuwarta ba.

Lokacin ban daɗe da samun aiki a wata ƙungiyar agaji a Kano ba. Ƙungiyar tana da rumbun bayanai a kwamfuta, wato dogon jerin abubuwan da za a dogara da su a kowane ƙauye idan ambaliya ta zo: makarantar da za a sauke mutane, rijiyar burtsatse, mai mota, ungozoma. Kafin damina ta kankama aka ce a je a tantance, a ga ko abin da ke rubuce yana nan a ƙasa. Duk sunan da aka samu na bogi za a goge shi, kuma ba a ɗaukar sabon suna sai baɗi. Ungozomar da sunanta ya tsaya za a kai mata akwatin kayan karɓar haihuwa, saboda in ruwa ya cinye hanyar Minjibir, inda asibiti yake, mai naƙuda ba ta da asibitin da ya wuce hannun ungozoma.

Ina ganin ƙauyen mahaifina a jerin na ɗaga hannu. "Ai garinmu ne, babu wanda ban sani ba," na ce wa shugabana, Malam Nasiru. (A garin aka haife ni kam, amma a Kano na girma, sanin da na yi masa bai wuce na zuwa biki da gaisuwar Sallah ba.)

Na sauka a gidan Gwaggo Uwani, yayar babana, 'yar tsohuwa mai ciwon gwiwa da yawan tsokana. Tun ina ƙarama na san ita ke karɓar haihuwa a garin. Shi ya sa da na buɗe kwamfuta na ga an rubuta "Zulaihatu Isma'ila, ungozoma," sai raina ya ɓaci. Na kira lambar da ke gefen sunan, a kashe take. Na tambayi mai kemis, na tambayi hedimasta, na tambayi 'yan acaɓa a bakin hanya. Kowa amsarsa ɗaya: "Mu dai Uwani muka sani." Nan take na yanke hukunci cewa wani ne ya ƙirƙiro matar don ya cinye kayan agaji, aka bar Gwaggona da ta sha wahalar shekara da shekaru. Ban tambayi tsoho ko ɗaya ba, ban shiga gidan kowa ba. Na shafa wa sunan jan launi, alamar gogewa.

Da safen ranar taro Gwaggo ta ga ina ta cika ina batsewa a kan kofin koko.

"'Yar Kano, wa ya taɓa ki?"

"Gwaggo, mutane ba sa tsoron Allah. Amma yau za ki ga aiki."

"Yo me aka yi?"

"Sirrin aiki ne," na ce. (An koya mana a bita cewa ba a fallasa bayanan mutane, ni kuma a duk darussan wannan kaɗai na riƙe da kyau.)

Ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta ƙara min ƙosai biyu.

A wani ajin firamare aka yi taron. Dagaci da masu unguwanni a kan benci, mata a baya kan tabarmi, Malam Nasiru ya zo daga Kano yana gefe da littafinsa. Na fara lafiya lau: makaranta tana nan, burtsatse ɗaya ta lalace, mai motar ya sayar da motarsa. Aka yi ta gyaɗa kai, ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Da na iso kan jan layin sai na gyara mayafi, na ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, a nan ne amfanin wannan rumbu ya lalace. An bar mai aikin gaskiya, an rubuta sunan da babu mai shi. Wallahi na karaɗe garin nan, babu wata mata mai wannan suna. In kuwa akwai Zulaihatu Isma'ila, ta miƙe yanzu in gan ta!"

Na ga tsofaffin mata biyu sun rufe baki da gefen mayafi, na ɗauka tsoro ne ya kama su. Har na fara murmushi.

Sai na ji motsi a baya. Gwaggo ce ta dafa bango, tana ta kokawa da gwiwarta, ta miƙe a hankali har ta tsaya.

"Gwaggo, zauna mana, ba ke nake nufi ba," na ce.

"Ke kika ce in miƙe, 'yar nan. Ga ni."

Dariyar da aka yi a ajin nan, na tabbata masu noma a bayan gari sun ji ta. Wata tsohuwa tana share hawaye tana cewa, "La'ilaha illallahu, ta kama sunan gwaggonta gatsau, har da na mijin!" Dagaci ya jira aka lafa, sannan ya ce, "Malama, ni na kwafi sunan daga katin zaɓenta. Isma'ila shi ne marigayi Baba Tela, mijinta. Wannan da kika ce ba a haifa ba, ita ta yanke miki cibiya."

Ni dai na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Abin da ya fi dariyar ciwo shi ne da na tuna cewa saura danna maɓalli ɗaya in hana matan garin nan akwatin kayan haihuwa har damina ta wuce, kuma ina tsammanin taimakon Gwaggo nake yi. Nan take na cire jan launin. Malam Nasiru, Allah ya saka masa, ya ɓoye fuskarsa a bayan littafi, sai dai kafaɗunsa da suka yi ta girgiza don dariya.

Bayan la'asar na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na ce ta yafe min, hawaye na zuba.

"Tashi, ba ki yi min komai ba," ta ce. "Sunan kakata aka sa min, uwar babanmu. Wa zai iya kama shi a gidan? Shi ya sa aka ce Uwani, har ya bi ni gidan miji. Rabon da a kira ni da shi da ƙarfi a gaban jama'a tun ranar suna, ita ma ban da wayo." Ta murza ɓawon gyaɗa. "Ashe yana da daɗin ji. Nuna min shi a abin naku."

Na buɗe kwamfutar na nuna mata. Ba ta karatun boko, amma ta goge yatsanta a zani ta ɗora shi a kan layin, ta daɗe tana kallo.

"Sake faɗa in ji."

Na buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ni da na zabga shi ɗazu a gaban gari guda, yanzu ko harafin farko ya ƙi fitowa. Ta kalle ni ta kece da dariya. "Yanzu kika zama 'yar gida," in ji ta.

A rahotona na rubuta cewa rumbun yana da amfani, sai dai a ƙara masa gurbin sunan da aka san mutum da shi a gari. An ƙara kuwa, akwatin Gwaggo ma ya iso kafin ruwa ya yi ƙarfi. Abin da ban rubuta ba shi ne, a duk bayanan da na je tantancewa, guda ɗaya ne kawai ya tabbata na bogi ne ƙarara: maganata da na ce babu wanda ban sani ba. Tun daga ranar, kafin in rantse cewa babu mutum, sai na fara juyawa na duba ko yana zaune a bayana.