Takalmi Ƙafa Ɗaya

Jama'a, jiya saura ƙiris in yi kuka a filin jirgi, da gemuna. Kun san 'yan kasuwar takalmi ta Zhanxi Lu, can ƙetare, ba sa ba da samfurin takalmi cikakke, ƙafar hagu kawai suke miƙo maka, don kada ka sa ka tafi biki. To da jaka guda ta ƙafafun hagu na taho, zan kai wa dilolina a Kano su zaɓa. In babu samfur babu oda, kasuwar Sallah ta wuce ni ke nan.

Jakar na shiga na'ura, wani sabon ma'aikaci, kakinsa ko wanki bai gani ba, ya zaro ido. Wai ina ƙafafun dama? Na ce masa mei yo, babu. Kai! Sai ya ɗauko 'yar wuƙa zai farke tafin mafi kyawun cikinsu, wai ko na ɓoye wani abu.

Allah ya kawo wata dattijuwa cikin ma'aikatan. Ta lanƙwasa takalmin, ta shinshina gam ɗin, ta sake tura shi cikin na'ura, ta nuna wa sabon ma'aikacin hoton da yatsa tana masa bayani a hankali. Ta ce min, "Laoban," wato maigida, "tafi." Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Ashe a bayana akwai wani Ranka-ya-daɗe daga gida, shi da tawagarsa. Wai gwamnati ce ta turo su koyon tsaron filin jirgi. Madalla da wannan kishin ƙasa! Souleymane, maƙwabcina ɗan Maraɗi da muke tafiya tare, ya raɗa min: "Wallahi kullum a kasuwar wanduna ta Xintang nake ganin patron ɗin nan."

Na ce, "Yi shiru, can ne ajin."

Mai Girma Masanin Tsaro ya ratsa ƙofar bincike da makullai cike da aljihu, ƙofa ta yi ta ihu, shi kuma yana tambaya ko sun san ko shi wane ne. Da ya tsira sai ya dafa kafaɗata: "Ka ga aiki? Mu ma za mu sayo irin na'urar nan." Na ce Allah ya taimake ka, ta bara fa da aka yanka mata kintinkiri? Ya ce wuta take jira.

Raina ya ɓaci, na ce wa Souleymane yanzu fargabata saukar gida ce, inda hannu ke bincike, baki na cewa "me ka kawo mana?"

Ya ce, "Kwantar da hankalinka. Namu ma ƙwararru ne, ba sa riƙe takalmi ƙafa ɗaya."

Na so in yarda. Sai dai Ranka-ya-daɗe ya riga ya gwada ɗaya, ya yi masa cif, kuma ya karɓi lambar wayata don jin labarin ƙafar dama.