Kowane Harafi da Akwatinsa

Jiya na wuni a layi a ofishin masu ilimi, riƙe da hannun 'yata Auta, kuma har yanzu ƙafafuna ba su yafe mini ba.

Bari in faro muku daga tushe. Wata uku ke nan manyanmu, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, suka ce duk yaron da bai iya rubutun haɗe ba, wato wanda haruffa ke riƙe hannun juna, zai maimaita aji. An yi jawabi, an ɗauki hoto, an yi wa kowane yaro alkawarin littafin koyo. Littafin dai yana hanya har yau.

Auta ta dawo gida tana kuka, wai ƙawayenta za su wuce su bar ta. Ni kuwa tela ne, ban da awon kafaɗa ba abin da nake rubutawa. Haka na ture keken ɗinki gefe, na sauko da kalandar da aka raba mana lokacin neman ƙuri'a, muka juya bayanta. Ina ja mata layi da allin yanka, tana bi.

Maƙwabcina mai kemis ya leƙo ya ce, "Maigida, wannan rubutu ne ko zarenka ne ya harɗe?"

Na ce, "Kai da kake karanta takardar likita, ai ba ka da bakin magana."

Kalanda huɗu muka cinye. Ran da ta rubuta sunanta ba ta ɗaga biro ba, wallahi sai da na juya baya na share ido.

To jiya ne jarrabawar. Auta ta cike fom da rubutunta tsaf, akawu ya turo mana shi.

"Baba, ba ka ga akwatuna ba? Kowane harafi shi kaɗai. Na'urarmu ba ta karanta rubutun haɗe."

"Ranka ya daɗe, ba fom ɗin jarrabawar rubutun haɗen ba ne?"

"Shi ne. Ku koma layi."

Muka koma, ta raba haruffan da muka yi wata uku muna sasantawa, ta shiga, ta ci. Aka ba mu takardar shaida da sa hannun babban oga, wanda ya nemi ƙuri'armu, kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kai. Auta ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

"Baba, shi ma zai maimaita aji?"

Na ce ta rage murya. Amma in mai girma yana so, akwai sauran kalanda ɗaya a shagona, da hotonsa ma a gaba.