Kastad Mai Humra

Ba zan taɓa mantawa da walimar ƙarshen zangon nan ta makarantarmu ta Gwange ba, ko da yake na daɗe ina roƙon Allah Ya mantar da ni. Lokacin ban jima da fara koyarwa ba, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki. Ina zaune a gidan yayana, wanda ɗinki ya kawo shi Maiduguri daga Zariya, har ya auri Babarbariya, Ya Falmata. Mata biyu ne kacal a cikin malaman makarantar, ni da Malama Saratu 'yar Biu, wadda bakinta ba ya ajiye magana ta kwana.

Sai na fara gaya muku ciwona kafin ku gane abin da ya faru. A Kasuwar Litinin akwai wani ɗan Ibo mai shago, Oga Chike, yana sayar da fitilu da zare da sabulu, a gefe guda kuma ya jera wasu 'yan siraran littattafai na Turanci, masu hoton saurayi da budurwa a bango. Da ya hango ni sai ya ɗaga ɗaya ya ce, "Malama, sabo ya zo. Wannan sai kin yi kuka." Ni kuwa in saya, in kuma yi kukan. Duk abin da na sani game da soyayya a can na koye shi: budurwa ba ta faɗin abin da ke ranta, ajiyar zuciya take yi, sai ta aika da wata alama, shi kuma saurayin ya gane nan take ya dafe ƙirji.

Wanda nake so ya dafe ƙirjin shi ne Malam Bukar, malamin aji shida. Dogo ne, baƙi, mai tsagen Barebari, ba ya son yawan magana. Abin da ke haɗa mu bai wuce, "Wushe, Malama, ya yaran?" ba. Wannan gaisuwa nake ɗauka in tafi da ita gida, in yi ta juya ta kamar mai gasa masara. (Ranar da ya ara mini alli kuwa, ban yi rubutu da shi ba. Naɗe shi na yi a hankici.)

Ana saura 'yan kwanaki a ba da hutu, Hedimasta ya tara mu ya ce bana ciyayya za a yi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa daga gidansa, masu iyali su zo da iyalansu. Nan da nan aka raba: wani burabusko, wani tuwo da miyar kuka mai bandar kifin Baga, Saratu ta ɗauki kunun gyaɗa. Da aka zo kaina sai ya ce, "Ke kuma Malama, ki kawo mana ɗan abin zaƙi na rufe ciki."

Da na gaya wa Ya Falmata, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba. "Ai mai sauƙi ne. In yi miki nakiya, ko dubulan. Ki kai, a ci, a sa miki albarka."

Na ce, "Ya Falmata, nakiya kowa ya san ta."

"Shi ya sa kowa yake cin ta," in ji ta.

Da na ji wannan magana, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma a satin nan na gama wani littafi inda yarinyar ta dafa wani abu rawaya mai laushi da madara, wai shi kastad, ta ɗiga masa ƙamshin fure, saurayin ya kai cokali ɗaya baki, ya ajiye cokalin, ya nemi aurenta tun kwanon bai huce ba. Na riga na ga kaina a wurin. Na ga Malam Bukar yana ajiye cokali. Har kalar gyalen da zan yafa na zaɓa.

Garin kastad bai ba ni wuya ba, na samu a kanti, haɗe da madarar gwangwani da sukari. Dabino kuwa ga shi nan ko'ina. Ƙamshin furen ne ya gagara. Oga Chike ya juya kai ya ce irin wannan sai Legas. A hanyar komawa gida ne dabara ta faɗo mini, na kuma ji daɗin kaina ƙwarai. Na ce, wai ni ina zaune a Barno, ƙasar da ta koya wa duniya ƙamshi, ina neman ƙamshi daga Legas? Ba ga Ya Falmata nan kullum tana turara randa kafin ta zuba ruwa ba, mu sha ruwan nan yana ƙamshi, ba wanda ya taɓa mutuwa? Ashe ƙamshi abin sha ne. In kuwa haka ne, me zai hana in ɗauko wanda ya fi kowanne?

Wanda ya fi kowanne shi ne humrarta. Tana ajiye kwalbar a ƙasan akwati, naɗe cikin tsohon ɗankwali, ita ta haɗa abarta da hannunta tun tana amarya. Ba zan yi ƙarya in ce ban san ta matan aure ba ce. Na taɓa kai hannu ta buge shi ta ce, "Wannan ba ta 'yan mata ba ce." Sai dai na ɗauka rowa ce kawai irin ta masu abu mai tsada.

Ranar walimar da safe ta tafi barkar haihuwa a Bolori, gida ya zama nawa. Na dama kastad ɗina ya yi kyau, santsi kamar a hoto, na yanka dabino na zuba. Sannan na buɗe akwati. Na ɗiga kaɗan na shinshina, na ji kamar bai kama ba. Na ƙara. Tururi yana bugun fuskata, hancina ya saba, ni kuwa ina ganin humrar ce ba ta da ƙarfi. Na sake ƙarawa, wannan karon da sakin hannu. Ban ɗanɗana ba. (A duk littattafan Oga Chike ban taɓa ganin inda yarinya ta lashi cokali ba.) Na juye a langa, na jera ragowar dabinon a sama siffar zuciya, na rufe ruf, na ɗaure da sabon ƙyalle.

An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwan darbejiya na filin makaranta, maza a gefe ɗaya, matan malamai da mu a ɗaya gefen, ba nisa, ana jin maganar juna. Aka ci aka sha, ana ta yabon miyar matar Hedimasta, Hajja Yagana, dattijuwa mai faɗa a ji. Ni ko loma uku ban yi ba, hannuna na kan langata. Can Hedimasta ya gyara zama ya ce, "Malama, ina alkawarinmu?"

Na tashi da yanga irin wadda na karanta, na kai langar tsakiya, na durƙusa, na kwance ƙyallen, na ɗaga murfi.

Abin da ya yi sa'o'i a kulle cikin zafi ya fito gaba ɗaya. Hirar maza ta tsaya cak. Wani ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, wani ya kama kallon reshen bishiya kamar yau ya fara ganin darbejiya. Yawancinsu magidanta ne, kowa ya san ƙamshin nan, kowa kuma ya san ba a tsakar fili da rana ake jin sa ba.

Hajja Yagana ta ɗaga hanci ta dubi matan da ke kewaye da ita. "Wace ce a cikinku ta taso da ɗakinta a ka?"

Matan suka fara ƙunshe dariya cikin mayafi. Ta bi ƙamshin da hanci har ya kawo ta kan langata. Ta leƙa, ta dube ni.

"'Yata, humra ce wannan?"

"Kaɗan ce, Hajja."

"Ta wa?"

"Ta matar yayana."

"To, ita dai mun san don yayanki ta haɗa. Ke don wa kika dafa?"

Da na yi shiru na kalli ƙasa, da an yi dariya an wuce. Amma idanuna suka ci amanata. Kafin in hana su sun tafi kan Malam Bukar, idon kowa kuma ya bi nawa. Saratu ta ce, "Ayya," a hankali, ta rufe fuska da tafin hannu.

Hedimasta, Allah Ya jiƙansa, ya so ya cece ni. Ya yi gyaran murya ya ce abinci ba a yanke masa hukunci da hanci, ya ɗebi cokali guda ya kai baki. Na ga maƙogwaronsa ya ƙi. Ya tashi cikin natsuwa ya zaga bayan bishiya, ya dawo yana goge gemu.

"Malama, Allah Ya yi albarka," ya ce. "Na tsufa ina shaƙar abin nan, yau na san ɗanɗanonsa."

Nan fa dariyar ta ɓalle, maza da mata. Malamin lissafi ya nuna dabinon da na jera, wanda tafiya ta riga ta karkatar, yana tambaya ko taswirar tafkin Chadi ce. Ni ina durƙushe da murfi a hannu, na rasa ko in rufe ko in gudu.

Sai na ji an ce, "A miƙo mini."

Malam Bukar ne. Bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba. Ya jawo langar gabansa, ya yi bisimilla, ya sa cokali. Ya ci. Ya ƙara. Gumi ya keto masa a goshi, idanunsa suka kawo ruwa, bai tsaya ba. Dariyar ta yi ta raguwa har ta mutu, ba ka jin komai sai ƙarar cokali a jikin langa. Sai da ya kankare gindinta, ya ajiye cokalin (ya dai ajiye ɗin, kamar yadda na yi mafarki), sannan ya ce da wata shaƙaƙƙiyar murya, "Sukarin ya yi daidai, Malama."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bar langa, na bar ƙyalle, na kama hanyar gida ina tuntuɓe da gyalen da na zaɓa.

Ya Falmata ta riga ni dawowa. Tun daga zaure ta ji abin da aka yi a madafarta. Na same ta ta ɗaga kwalbar tana duban inda ta tsaya. Na zata duka zan sha. Da na ba ta labari sai ta zauna a bakin rijiya ta yi ta dariya har da riƙe ciki, tana cewa a tarihin zuriyarsu ba a taɓa ba namiji humra da cokali ba.

Washegari Saratu ta kawo mini langata da labari. Malam Bukar yana kwance, ciki ya ɗaure masa sannan ya sake. In ya yi gyatsa ɗakin duka sai ya ɗauki ƙamshin humra, har yayarsa ta tsare shi da tambayar gidan wa yake zuwa. Na ja zane na rufe kaina.

Da ya warke, sai ga shi a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Ya gaisa da yayana a shagon ɗinki, ya ce yana son ya gaishe da Malama. Ina jin muryarsa daga tsakar gida, na shige ɗaki na ce a ce ba ni da lafiya. Bayan kwanaki ya sake dawowa. Ta ramin katanga ina ganin kekensa a jingine, na ce a ce na fita.

Ya Falmata ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. "Ke, tashi ki wanke fuska. Mutum ya sha dafi a gaban jama'a don kada a ci gaba da yi miki dariya. Me kuma kike so ya yi?"

"Da wane ido zan kalle shi?"

"Da wanda kika kalle shi ranar nan. Ai shi ya jawo komai."

Ban fita ba. Kunya ce, gaskiya, amma akwai wani abu a ƙarƙashinta. A littattafan nan, in yarinya ta ɓuya saurayi ba ya gajiya. Yakan tsaya a ƙofa ruwa na dukansa, ya rame, ya yi ta aike har zuciyarta ta yi laushi. Ni kuma na shirya in yi laushi a zuwa na gaba, ko na bayansa. Ban san cewa mutum mai mutunci, in aka ce masa ba a nan alhali yana jin motsin mutum a ciki, ya ɗauka an ba shi amsa ke nan ba.

Bai ƙara zuwa ba. Da aka koma makaranta na shiga da jawabin da na yi hutu guda ina haddacewa, sai na tarar da baƙon malami a aji shida. An mayar da Malam Bukar Geidam. Saratu ce ta gaya mini shi ya nemi canjin da kansa, wai ya lura ganinsa yana takura ni, bai kuma so in riƙa sunkuyar da kai a gaban yaran da nake koyarwa. A can ya yi aure. Ban sake sa shi a ido ba.

Shekaru sun ja, mutanen da suka yi dariyar nan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma in mun haɗu ba su tuna komai sai ƙamshin. Ni ma na daina jin kunyar abin da na dafa, shirme ne irin na ƙuruciya, an ci an wanke kwano. Abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne tazarar da ke tsakanin ɗakina da zaure, wadda ba ta fi 'yan taku kaɗan ba. Don haka in 'yan mata sun zo suna tambayata yadda ake gane mai son gaskiya, ba na ba su dogon bayani. Nakan ce, in kin ga wanda ya rufa miki asiri ranar da kika kunyata kanki, ya kuma biyo ki har gida ya yi sallama, to ki amsa. Ba a cika yin ta sau uku ba.